Sunan Mai Gonar da Aka Gina Makaranta

Ni ban yi boko ba, ko alif ban iya rubutawa. Malamar da ke haya a gidanmu ce take rubuta wannan, na kuma ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini fushi.

Makarantar firamaren unguwarmu a Samaru a kan gonar mijina take. Dawa da gyaɗa muke nomawa a wurin. Da ma'aikatan jami'a da leburori suka cika unguwa da 'ya'ya, mai unguwa ya zo ya ce hukuma za ta turo malami idan an sami fili. Malam, Allah ya jiƙansa, ya tashi ya taka musu iyaka da ƙafarsa, daga gindin tsamiya zuwa bakin kwari. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Babu wanda ya yi zancen takarda.

Da rumfar zana aka fara. Bayan damina biyu maza suka kwaɓa ƙasa suka ta da ɗaki biyu, mu mata muka yi daɓe. Ni da maƙwabciyata, 'yar kudancin Kaduna ce, mijinta birkila, kwana uku muna bugun ƙasa, ita da goyo a baya, har tafin hannunmu ya tashi. Daga baya aka cire jinka aka sa kwano, aka ƙara azuzuwan siminti. 'Ya'yan sojoji suka riƙa zuwa daga barikin Basawa. Yara suka yi yawa har aka raba su, 'yan safe da 'yan rana. Malam yakan zauna a ƙofar gida yana jin hayaniyarsu, ya ce wannan gonar ba ta taɓa yin yabanya irin ta bana ba. A haka ya rasu ya bar ni.

A shekarun da wayar hannu ta fara shiga hannun mutane, gwamnati ta gina sababbin azuzuwa masu shuɗin kwano, aka zagaye da katanga. Wata safiya maƙwabciyata ta shigo tana haki.

"Yaya, ɗauko mayafi. An turo mutum daga ofishin ilimi yana rubuta tarihin makaranta. Za a sassaƙa sunayen waɗanda suka kafa ta a dutse, a manna a bango."

Muka same shi a ofishin hedimasta, saurayi ne da biro a hannu, wayarsa sai ƙara take. Hedimastan baƙo ne, bai san kowa ba a unguwa.

"Mama, an ce kin san wanda ya ba da filin."

"Maigidana ne."

"Madalla. Sunansa?"

Nan na tsaya. Shekara arba'in da 'yan kai ina gidansa, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Haka uwata ta yi wa ubana, haka aka tarbiyyantar da mu. Ko yaron maƙwabta da ya ci sunansa, Mai Sunan Malam nake ce masa.

Na ce, "Malam."

Ya yi dariya. "Haba Mama, duk wanda ya sa hula a Zariya ai Malam ne."

Maƙwabciyata ta faɗi laƙabin da unguwa ta san shi da shi. Ya ce ba a sa laƙabi a dutse, sunan yanka yake so da na uba. Ita kuwa ba ta sani ba. Ta dafa ni ta ce, "Ki faɗa mana, Yaya. Ai ba ya nan balle ya ji."

Na ce, "Shi ya sa."

Na roƙi yaron ya jira ni, ƙanen Malam yana Muchia a Sabon Gari, zan je ya rubuto. Ya duba agogo ya ce to. Na shiga bas zuwa Sabon Gari, ban sami ƙanen a gida ba, sai da na bi shi rumfarsa cikin kasuwa. Ya rubuta a 'yar takarda, na ƙulle a bakin zane. Kafin in dawo an yi la'asar, motar ofis ta tafi. Hedimasta ya karɓi takardar ya jefa a aljihun tebur ya ce zai aika.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, yaron nan Bahaushe ne. In yana musu, ya je ya tambayi tsohuwarsa ko ita tana kiran sunan ubansa. Ya san abin da ya riƙe mini harshe sarai. Masallacin unguwa bai fi taku ashirin daga ofishin ba, da ya leƙa da ya sami tsofaffi biyu ko uku da suka san sunan. Bai leƙa ba. Dariya ta fi masa sauƙi.

Ranar buɗe azuzuwan aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, manya suka zo da manyan riguna. Mu muna can baya a tsaye jikin katanga. Aka yaye ƙyalle daga kan dutsen, wani ya karanta ta lasifika. Na ji sunan kansila. Na ji na ɗan kwangila, wanda aikinsa ya yi aka sallame shi. Na ji na wani attajiri da ya kawo fenti. Sannan aka ce an kafa makarantar a filin da wani bawan Allah ya bayar.

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na ce, "Yana da suna!"

Mai lasifikar ya ce, "To Iya, faɗa mana."

Na faɗa. Allah ya sani na faɗa, nasa da na ubansa. Amma abin ya fito kamar raɗa, kuma a daidai nan malamin motsa jiki ya busa usur, yara suka soma buga ganga suna fareti. Wani ya kama hannuna ya ce in matsa, yara za su wuce. Maƙwabciyata kaɗai ta ji. Ta riƙe ni muka fita ta ƙofar ƙarfe, ina kuka kamar ranar da aka ɗauki gawar Malam.

Na koma wajen hedimasta bayan kwana biyu. Ya ce dutse ba allo ba ne da za a wanke a sake, sai dai idan an yi wani ginin nan gaba. Na tambaye shi takardar da na kawo. Ya buɗe aljihun tebur ya yi ta lalube, bai gan ta ba.

Kunyar da na riƙe wa bawan Allahn nan tun ina amarya na zubar da ita a gaban maza, a tsakiyar gonarsa, kuma ba a rubuta ba. Ina roƙon ya yafe mini. Su kuwa ban yafe ba.