Ragowar Atamfar Matar Assakio

Shekarar da na sayi keken ɗinki a Lafia, wata mata daga Assakio ta kawo mini atamfa na yi mata riga da zani. Da ta tambayi ragowar, na ce babu. Alhali da ita na ɗinka wa 'yata mai shekara huɗu riga.

Wata rana na fita da yarana kasuwa, sai ga matar sanye da kayan. 'Yata ta ja hannuna ta ce, "Mama, kayanmu iri ɗaya da na wannan."

Na kasa ɗaga kai. Matar ta duƙa ta gyara wa yarinyar wuyan riga, ta ce, "Ta yi miki kyau."