Kawu Gado da Bidon Ruwan Motarsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, 6 ga Fabrairu 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Kawu Gado na Tsibiri, yayan mahaifiyata. Ban iya magana a zaman makoki ba, Kawu, ka san halina. Shi ya sa na rubuta.

Kowa ya san tsohuwar farar motarka, wadda ta girmi Inna. Ni wurin ɓuyata ce. Duk hutun da na zo gidanka, a kujerar baya nake lafewa da littafin soyayya, kai kuma ka yi kamar ba ka gan ni ba. Samarin cikin littattafan motocinsu ba sa tafasa. Taka kuwa, da injin ya ɗau zafi sai lagireto ya tofar da ruwansa ƙasa, a tsaya gefen hanya a jira ya huce kafin a ƙara wani. Tabon ƙunar da ke hannunka na ranar da ka yi gaggawar buɗe murfin ne.

A bazarar bara ka ƙwanƙwasa gilashi ka ce, "Mai littafi, ajiye masoyan nan, zo ki riƙe mani tiyo." Ka ɗaure ƙaramin bido, wato 'yar jarkar roba, da waya kusa da lagireto, ka canza murfin lagireton, ka sa na tura tiyon har gindin bidon. Ka ce in ruwa ya yi zafi nan zai gudo, in injin ya huce ya tsotse abinsa, amma in tiyon bai kai ƙasa ba iska kawai zai sha. Abokanka na gareji suka yi ta dariya, wai Gado ya saya wa tsohuwa buta.

Ba ka gwada shi a doguwar tafiya ba sai ranar da naƙuda ta juye wa Inna a gidanmu na Jiratawa. Da tsakar rana ne, jini ya ƙi tsayawa. Baba ya kira ka, ka taho daga Tsibiri ba ka tsaya ko'ina ba. A da, tafiya irin wannan ta isa ta zubar da ruwan motar. Kafin mata su shirya Inna ka kashe injin, ka ɗaga murfin gaba, kana kallon bidon. Ni ma na tsaya bayanka. A hankali ruwan ya fara sauka. Ka ce, "Ta sha. Ku ɗauko Tsahara."

Kan Inna na kan cinyata, hannunta ya yi sanyi. Muna rabin hanyar Maraɗi allurar zafi ta fara hawa. Baba ya ce, "Gado, tsaya mu zuba ruwa, in injin ya kama a dajin ga mi za mu yi?" Ka ce, "In na tsaya, Sha'ibu, sai mun jira ta huce. Tsahara ba ta da wannan lokacin." Inna ta daina nishi, kuma shirun ya fi nishin ban tsoro. Idona na kan allurar, tana dab da ja. Na ga gumi na bin tabon hannunka. Allurar ta tsaya nan, ba ta ƙara ba, har ƙofar asibiti.

Da aka shiga da Inna ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar. Ƙasa a bushe. Sai ka zauna a wurin ka rufe fuska da hularka.

Inna ta rayu. Jaririn ma ya rayu, shi ne Bilal, wanda ya fara miƙewa da bango a makon da ka tafi.

Jiya na shiga kujerar baya da littafina, na kasa buɗe shi. Na fito na roƙi ɗanka Ya'u ya ɗaga mini murfin gaba. Bidon na nan, da ruwa rabi, tiyon har gindi.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyya ga Gwaggo Fasuma, da Ya'u da ƙannensa, da Inna wadda har yau ba ta iya kallon motar. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Hidaya Sha'ibu, Jiratawa