Reza da Muryar Nilsa

Duk unguwarmu ta Bronx ba mai kiran Efraín Colón da sunansa na yanka. Reza ake ce masa, kuma ba wanzami ba ne. Yana saurayi kiɗan freestyle ya fara tashe: yaran Puerto Rico suka kwashi gangunan iyayensu suka zuba a inji, 'yan mata suna rera kukan soyayya a kai, jama'a kuwa na tiƙar rawa kamar ba zuciyar wata ce ta karye ba. Aikin Efraín yanka zaren kaset. Zai saurara, ya sa alama da farin alli, ya datsa da reza, ya liƙe da salatif, sai ka ji kalma guda tana nanata kanta kamar mai i'ina. Ubansa, wanda a wurinsa in ba kiɗan salsa irin na zamaninsu ba to hayaniya ce, cewa yake ya haifi tela marar allura.

A wani ɗakin ƙasa da ake ɗaukar waƙa ya haɗu da Nilsa, wadda uwarta ke soya ayaba a bakin layinmu. Waƙa ɗaya tak ta rera, garin kallonta Efraín ya yanke yatsa. Waƙar ta fita ta game gari. Amma mai kamfanin ya ga wai Nilsa ta cika gajarta, ya manna hoton wata doguwa a jikin faifan, doguwar ce ke hawa dandamali tana motsa baki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Nilsa ta rantse ita da waƙa har abada, kuma mace ce mai magana ɗaya. Ta auri Efraín, suka yi 'ya'ya har da jikoki, ya koma gyaran lif ɗin hawa bene, amma ko a wurin wanke-wanke bai sake jin ta rera komai ba. Abin yana ci masa rai ƙwarai, don muryar ya fara so kafin ya san mai ita.

Zaren asali na waƙar kuwa yana hannunsa, a saman kabad. Da zafin bana ya shigo aka shirya bikin titi, sai ya sauko da shi da tsohuwar na'urarsa, ya ce ranar bikin unguwa za ta san mai waƙar. Nilsa ta ce masa ya bar kaza cikin gashinta, ya yi kamar da bango take.

Ranar kuwa layi ya cika maƙil. An tare hanya da motoci, ga shinkafa da wake, ga nama na gasuwa, masu furfura da tumbi sun tono rigunan samartaka da suka daina shigarsu. Da la'asar Efraín ya danna maɓallin na'urar. Kafin kiɗa sai dariyar wata yarinya ta fito daga lasifika, tana cewa, “Efraín, ka daina kallona, za ka sa in yi kuskure.” Duk kawuna suka juya wajen teburin abinci, inda Nilsa ke tsaye da ludayi. Ganga ta faɗo, titi ya ɗauka, har masu sanda suka manta da sandunansu.

Ana tsakiyar amshi zaren ya tsinke, don shi ma ya tsufa.

Efraín ya zaro reza, amma hannun da a da ba ya kuskure yanzu sai lalube yake, ga tabarau na zamewa da gumi. Amininsa Heriberto ya ce, “Mutumina, reza ta dakushe ke nan?” Ya jawo ganga ya riƙe kiɗan da hannu don kada rawa ta mutu, mata suka kama tafi, sannan jama'a suka ɗora waƙar da bakinsu. Kai, an yi ɓarna. Wani na sama, wani na ƙasa, wasu har i'inar da Efraín ya yanka suke kwaikwayo. Nilsa ta cije leɓe, ta juya baya, ta sake juyowa.

“Ku yi mini shiru, kuna kashe mini waƙa,” in ji ta.

Ta ɗaga ludayin saitin bakinta ta kama daga inda zaren ya tsinke. Muryar ta yi kauri, ta ɗan dushe, amma ba wanda ya yi tababar ta wace ce. Jikokinta suka saki baki. Efraín ya gama liƙin ba tare da ya ga abin da yake yi ba, don hawaye sun rufe masa ido, ya ɗora yatsa mai tsohon tabon nan a kan maɓalli.

Heriberto ya ce, “Ka gyara ai, danna mana.”

Efraín ya janye hannunsa, ya ninke rezar ya sa a aljihu.

“Bar shi ya huta,” ya ce. “Mai abin ta karɓi kayanta.”