Alam a Ruwan Teku

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na dawo daga bakin teku da kwalba guda cike da ruwa mai dishi-dishi. Aikin kammala karatuna ke nan kacokan. Na tarar an shiga yajin aiki, sai na kawo ta gidanmu a Tudun Wada, na ajiye ta a gindin randar Inna, mahaifiyata, inda ya fi ko'ina sanyi.

Kullum da hantsi nakan juya kwalbar a hankali, in zauna in zuba mata ido. Ɓurɓushi ya tashi, sannan ya riƙa sauka sannu-sannu kamar dusa a bakin turmi. Sai in manta da kaina, in ji kamar ni ma ina nutsewa tare da shi, ba hayaniya, ba ƙarar babura. Aikina shi ne in auna yadda ɓurɓushin nan ke raguwa har kwana arba'in.

Inna ba ta taɓa wuce Kaduna ba, balle ta ga teku. Wata rana ta tsaya a kaina ta ce, "Ke wai me kike kallo a ruwan ƙazanta?"

Na ce mata guntayen matattun tsirrai da halittun ruwa ne ke sauka. Akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, suna hawa kansu suna ci, kafin su kai ƙasa yawancinsu sun narke.

Ta ce, "Ikon Allah. Ashe a hanya ake musu jana'iza."

Abin da na manta shi ne, Inna ba ta haɗa gida da gurɓataccen ruwa. A rana ta ashirin da uku na dawo daga unguwar Kongo, na tarar da kwalbar garau, komai ya dunƙule ya kwanta a ƙasa. Ta jefa alam, yadda take yi wa ruwan rijiya. Wallahi na ji kuka ya taso min. Ba komawa teku sai baɗi, shekarata ta tafi ke nan.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ta ɗaga kwalbar tana kallon rana ta cikinta, fuskarta fal murna.

Ta ce, "Sun gaji da yawo, na taimaka musu sun huta. Yanzu dai na ga tekun naku."

Na maimaita shekarar. Har ta rasu tana cewa yajin aiki ne ya cuce ni, ni kuma ban taɓa gyara mata zancen ba.