Inci Goma Sha Biyun da Tajuddeen Bai Auna Ba

Datti mutumin Malumfashi ne, ɗan maƙeri kuma jikan maƙeri. In ka gan shi a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur yana jiran bas da wata jakar baya da ta sha duniya, ba za ka ce zai iya riƙe mutum a zuciya ba. To, yana iyawa. Shekararsa arba'in da huɗu, sha tara daga ciki ya yi su a ɗakin injuna na wata kwalejin fasaha a gida, yana gyara abin da masu digiri suka lalata, su kuma ko sunansa ba su riƙe ba. Da ƙyar ya samu aka turo shi Kuala Lumpur yin digiri na biyu. Ya zo da matarsa Hureira da 'yarsu Khaulah, suka kama ɗaki a hawa na sha ɗaya.

Aikin da malamarsa Dakta Rosnah ta ba shi mai sauƙin faɗi ne: a gano yadda tsawon bututun bindiga ke canza gudun harsashi. Bindigar iska ce ta gwaji, ɗaure a kan tebur cikin ɗaki mai makulli biyu, don a ƙasar nan ba a wasa da zancen bindiga. A gabanta akwai na'ura mai idanu biyu na haske. Harsashi ya gifta na farko, ya gifta na biyu, sai ta nuna gudunsa. Bututun inci ashirin da huɗu aka saya masa. Zai harba sau talatin ya rubuta, ya sa zarto ya yanke inci ɗaya, ya goge bakin har sai ya yi sumul, ya sake harbawa. Abin da ka yanke ba ya komawa, saboda haka ba ya gaggawa. Wata goma sha huɗu ya ɗauka kafin ya sauko inci goma.

A ɗakin akwai Tajuddeen, malami a kwalejinsu ta gida, yana digiri na uku. Ya girmi Datti a muƙami, Datti ya girme shi da shekara tara. Mutum ne mai zaƙin baki da turare, hannunsa bai taɓa sanin zarto ba. Wata rana ya ce, "Baba Datti, turo min lissafin nan in duba maka Turancin." Datti ya tura, har da godiya. Ɗan gida ne fa, tare suke sallar Juma'a, matansu suna aron tukunya.

Ranar da Datti ya miƙa kundinsa, na'urar da ke kama satar rubutu ta mayar da shi da ja. Wai lambobinsa sun riga sun fito a wata mujalla, da sunan Tajuddeen shi kaɗai. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an gode wa "ma'aikacin ɗakin gwaji". Wannan rashin kunya da yawa take! Jami'ar ta ce kundin ba zai wuce ba, bizarsa kuma saura wata uku. In ba a warware ba, zai koma gida hannu rabbana, ya ci gaba da gyaran injin wasu har ya yi ritaya.

Ya kai ƙara wurin Alhaji Muntasir, dattijon da ke sasanta Hausawan unguwar. Aka kira Tajuddeen, aka zauna a shagon mamak, irin gidan shayin Indiyawan ƙasar, aka kawo shayi.

"Malam Datti, a yi haƙuri," in ji Alhaji Muntasir. "Muna ƙasar mutane. Kada a ce 'yan Najeriya suna tona wa juna asiri."

Tajuddeen yana juya cokali ya ce, "Ni fa na ɗauka taimako ne tsakaninmu. Zan sa sunanka a takarda ta gaba."

Datti ya dube shi ya ce, "Ba komai."

Wallahi akwai komai. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Ya buga takardar Tajuddeen ya sa a jaka, yana karanta ta a bas, yana karanta ta a jirgin ƙasa, ba don ilimi ba, neman inda zai kama shi yake. Ya tsani mutumin har ƙanshin turarensa, kuma bai ɓoye wa kansa ba. So yake ya ga Tajuddeen a tsaye gaban mutane bakinsa ya mutu.

A mako na biyu ya samu. A da haushi ya rufe masa ido, shafin farko kawai yake kallo. Ashe jadawalin bai tsaya a inci ashirin da huɗu ba. Tajuddeen ya ga aikin ya yi masa kaɗan, sai ya ƙara inci goma sha biyu daga kansa, har talatin da shida, gudun yana ta hawa. Haka kowa ya taso yana ji a gida, doguwar bindiga ta fi tura harsashi, mafarauta ma ita suke yi wa rububi. Amma Datti a gindin maƙera ya girma. Ya sha jin babansa yana gaya wa mafarauta cewa akwai inda tsawo ke ƙarewa, abin da ya wuce nan nauyi ne kawai a kafaɗa. Iskar da ke tura harsashi tana ƙarewa, daga nan bututun da kansa ke riƙe shi.

Bai gaya wa kowa ba, har Hureira. Ya je wurin Dakta Rosnah ya roƙi dogon bututu, ya ce yana son ya tabbatar da abin da aka buga.

"Boleh," ta ce, wato ba laifi da yarensu, ta sa hannu.

Saboda biza na ƙarewa, sati biyar kawai ya ɗauka yana harbi yana yanka, daga talatin da shida zuwa ƙasa. Kowace safiya Tajuddeen zai wuce ya ce, "Baba Datti, ana ta fama?" Shi kuma ya ce, "Ana ta fama, Malam." Lambobin suka fito yadda ya zata. Daga inci ashirin da takwas gudun ya tsaya, daga talatin ya fara sauka. Wannan karon ya sa Dakta Rosnah ta tsaya a kan kowane yanka ta sa hannu a littafin.

Dakta Rosnah ta kai sakamakon gaban kwamitin bincike na jami'a, kwamitin ya zauna ranar Talata. Aka ajiye jadawali biyu, aka ce Tajuddeen ya kawo bututun da ya auna, ko littafin da ya rubuta, ko ranar da ya karɓi makulli. Ba shi da ko ɗaya. Ya fara Turanci mai tsawo, ya sarƙe, gumi na bin wuyan rigarsa duk da sanyin ɗakin. Datti ya kalle shi son ransa, kuma ya ji daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Kwamitin ya wanke kundin Datti. Saura hukuncin Tajuddeen. Aka ce in Datti ya rubuta cewa rashin fahimta ce tsakanin abokan aiki, za a dakatar da shi zango ɗaya. In bai rubuta ba, kora ce. Alhaji Muntasir ya hau har hawa na sha ɗaya da ƙafarsa mai ciwo, ranar lif ta lalace.

"Mutumin nan 'ya'yansa uku, Malam Datti. Ka samu abin da kake nema. Layi biyu ne kawai."

"Alhaji, ranar da nawa ya lalace, layi nawa aka nema min?"

Bai rubuta ba. Aka kori Tajuddeen, kwalejin gida ma ta samu takarda. Daga nan Hausawan Setapak suka ɗauke wa Datti wuta. A masallaci a ba shi hannu ba a dube shi ba. Aka yi suna a hawa na shida ba a gaya wa Hureira ba, sai a hoto ta gani.

Ranar da iyalin Tajuddeen za su tafi, Hureira na tsaye a taga tana kallon ana cusa akwatuna a mota. Matar Tajuddeen, wadda ta zauna da Hureira kwana uku a asibiti lokacin da ta yi ɓari, ta ɗaga kai ta ga tagar, ta sauke kai ta shiga mota.

Hureira ta juyo, idonta ya kawo ruwa. Datti na zaune da kundinsa da aka ɗinke, sunansa a bango da ruwan zinare.

"Abban Khaulah, yanzu ka huce?"

Ya so ya ce mata e, don ya san abin da ya jawo mata.

"Tukuna," ya ce.