Ƙyallen da Ya Hana Ni Gudu a Doguwa

Mun tashi da asuba daga Bebeji, ni da abokina mai zane, kekensa na guragu a ɗaure saman mota. Shekara uku ke nan da ya faɗo daga tsani yana zanen bangon wani shago. Ƙafafu suka mutu, hannun dama kuma ya kama rawa. Tun lokacin muka samo dabara: mu ɗaure tsintsiyar hannunsa da tawa da ƙyalle, shi yana jan layi, ni ina hana hannun karkarwa. Ni ko kaza ban iya zanawa ba, hannu kawai nake ba da aro.

Kwanan baya ya karaya. Ya ce shanun da yake kwafa daga hotunan waya duk kamar gawa suke fitowa. Zai gwada na ƙarshe a gaban shanu masu rai, in bai yi ba, ya rabar da burushinsa ya huta. Abin da ya kai mu Doguwa ke nan.

A Kwanar Dangora muka sha shayi da ƙosai, ƙosan da tsada ta mayar kamar ƙwayar magani. Har Tudun Wada ana ta hira, ga masara da shinkafa hagu da dama. Muna shiga dajin Falgore, inda ake fargabar 'yan fashi, motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo, wata tsohuwa ta kama salati. Ni matsoraci ne, ba na ɓoyewa. Duk kututturen da na hango sai in ga mutum ne a tsugune.

Da hantsi muka sauka. Na tura kekensa bayan gari, bakin wani rafi inda garke ke kiwo. Nan muka tafka wauta. Ɗoki ya hana mu neman masu shanun mu yi sallama, muka ɗaura ƙyalle kawai muka hau aiki. Ya zaɓi wata farar saniya mai karyayyen ƙaho.

Ban ji takunsu ba. Ina ɗagowa na ga mutum biyar sun kewaye mu, da sanduna, ɗaya da adda. Sai a lokacin na tuna: inda ɓarayin shanu suka addabi mutane, baƙon da ya zauna yana kallon garke yana zane a takarda, ɗan leƙen asiri ne.

"Wa ya aiko ku?" in ji mai addar.

Ina jin kunyar faɗa, amma gudu ne ya fara zo mini. Har na yunƙura, ƙyallen ya fizgo ni na koma. Abokina ya ji fizgar, bai kalle ni ba.

"Zauna, saura wutsiya," ya ce a hankali. Sannan ya dubi dattijon cikinsu. "Baba, mun yi laifi da ba mu yi sallama ba. A bar ni in ƙarasa, sai a yi mana hukunci."

Yanzu hannuna ne yake ɓari. Sai na ji nasa ya danne nawa, ya ja mu har ƙarshen wutsiyar.

Dattijon ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa. "Tawa ce wannan. Har yadda take karkata kai." Ya sa yatsa a ƙasa. "Amma wutsiyarta ba ta rawa haka."

Mai addar ne ya fara dariya. Aka kawo mana nono a ƙwarya, dattijon ya ce sai an zana masa bijiminsa kafin mu tafi.

Mun iso gida kafin magariba. Abokina bai rabar da burushinsa ba, ya ce in zo ranar Asabar da ƙyallen. Na koyi cewa sallama ake fara yi kafin a buɗe takarda. Kuma shekara uku ina cika baki ni ke riƙe masa hannu, alhali wutsiyar nan ta san hannun wa ya yi rawa. Maganar yunƙurin da na yi kuwa, har yau bai tayar da ita ba.