Farin Dutse a Ramin Kifi

Filin da ke bayan ɗakin girkinmu a Anka bai taɓa amfanar kowa ba. Na shuka kuɓewa, ta tsaya iya gwiwa ta bushe. Na dasa zogale, ya fito kamar ana yi masa dole. Ƙasar sama ba ta fi kaurin tafin hannu ba, ƙarƙashinta jar marmara, ƙarƙashin marmarar kuma dutse. A nan ne maigidana ya ce zai yi ramin kifi.

Malamin makaranta ne, a lokacin an mayar da shi Gummi, sai ƙarshen mako muke ganinsa. A can ya ga wani abokin aikinsa yana kiwon tarwada a bayan gida, ya dawo da zancen a bakinsa. Wata Asabar cikin rani ya ɗebi toka a murhuna ya zana faɗin ramin a ƙasa, ya ce zurfinsa kada ya wuce ƙirjin mutum. Ya danƙa aikin a hannun ƙaninsa, ya koma makaranta.

Ƙanin nan nasa haƙar zinari ce sana'arsa, kamar yawancin samarin wajenmu a shekarun nan. Ramin da suke bi a daji ya daina bayarwa, shi ya sa yake zaune gida. Akwai wasa tsakaninmu irin na mace da ƙanin miji. Ranar da ya shigo da diga da shebur, shi da wani abokinsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin girki.

"Matarmu, wai yau ni za ni gina ma kihi ɗaki. Ni ko nawa ban samu ba."

"Gama na kihin tukuna," na ce. "In ya yi kyau mu sa ka ciki, mu riƙa jeho maka tuwo."

Inna, surukata, tana daga inuwar ɗakinta ta yi dariya har da tari.

Marmarar ba ta ba su wahala ba. Da suka kai ga dutsen ne diga ta fara tsalle tana fitar da wuta. Sai suka yi abin da suke yi a daji: suka tara itace a kan dutsen suka hura wuta tun safe, da ya yi zafi suka kwara masa ruwan sanyi. Ina jin ƙararsa daga wurin girki, tas, tas, kamar ana fasa gyaɗa a babban turmi. Sannan su bi tsagar da guduma da dagi. Haka suka yi ta yi, suna aiki suna zagin dutsen suna zagin kifin da ba a saya ba tukuna.

Wata rana da hantsi sai na ji surutun ya ɗauke. Gudumar ma ta sauya kiɗa, ta koma ƙanƙanin bugu a hankali. Na leƙa. Su biyun suna durƙushe a kusurwa ɗaya, kawunansu a haɗe. Ƙanin mijina ya tofa yawu a kan wani gutsuren dutse, ya goge da babban yatsa, ya ɗaga shi sama yana juyawa. A jikin dutsen da suka fasa akwai wani farin layi, kamar jijiya a nama, ya yi ƙasa, irin wanda masu haƙar zinari ke bi.

Daga ranar ba wanda ya sake kallon zanen toka. Suka bar faɗin ramin yadda yake, suka nutsa a wannan kusurwar, rami matsattse kamar rijiya, da 'yan matakai sassaƙe a gefe don sa ƙafa. Ɗaya yana ciki, ɗaya yana sama da igiya da bokiti. Ba su yi shawara da kowa ba, kuma ban jin sun yi da junansu ma. Hannunsu ne ya koma ga abin da ya saba. Farin dutsen kuwa suna zuba shi a buhuna, suna jerawa jikin bangon ɗakin girkina.

Ina da yaya da take aure a Dareta. A shekarar da gubar dalma ta kashe yara a can, ɗanta yana ciki. Na je gaisuwa. Daga baya na sake komawa, na tarar ana kankare ƙasar tsakar gidaje ana zubawa a buhuna, ana kawo sabuwa daga nesa. A can na ji yadda abin ya kasance: maza su kawo dutsen zinari gida, mata su daka, ƙurar ta sauka a ƙasa da tabarmi da kwanuka, yara su yi rarrafe a kai su kai hannu baki. A sakandare an koya mana dalma, amma a cikin batir. Ban taɓa haɗa ta da turmi ba sai ranar.

A lokacin da ake haƙar nan autata ta fara tsayuwa tana dafa bango, kuma duk abin da hannunta ya kama bakinta yake nufa.

Da buhunan suka fara yawa, ƙanin mijina ya zo wajena da fara'a.

"Matarmu, ara mini turmi in ɗan daka kaɗan, mu wanke mu gani."

Na kife turmin na zauna a kai, na ci gaba da tsintar shinkafa.

"Turmin ga na hura ne."

"To tsohon, wanda ya tsage."

"Shi ma shina da aiki."

"Wane aiki? Kaza ce ke ƙwai ciki!"

"To ka tambayi kazar."

Ya yi dariya, amma ba ta kai masa ciki ba. Ya ce ba kowane dutse ke da gubar ba, shi ya san mai ita in ya gani. Na ce mutanen Dareta ma sun san dutse. Inna ta sa baki daga inda take, ta ce in ba shi tsohon, ɗan kaɗan ne, ko Allah zai sa yaron ya samu abin aure. Ban ba shi ba, ban kuma amsa mata ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

Da yamma na kira maigida a waya na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Hwarin layi kika ce? A bari in zo in gani." Na san muryar. Ita ce wadda yake yi in dillalin babura ya tsayar da shi a hanya yana kwaɗaita masa sabon babur. Na gane ba daga Gummi taimakon zai zo ba.

Washegari ina shanya, na waiwaya ban ga yarinyar a kan tabarmarta ba. Na same ta zaune a gindin buhunan. Ɗaya ya huje daga ƙasa, gwiwoyinta sun yi fari fat, kumatunta a cike. Na sa yatsa na zaro tsakuwa fara. Ta yi kuka don na ƙwace mata abu. Na wanke mata baki da hannuwa, na sake wankewa, na cire rigar, na goya ta.

Inna ta idar da walha tana jan carbi. Na durƙusa na buɗe tafin hannunta na sa tsakuwar, da yawun yarinyar a jiki.  Ta dubi tsakuwar, ta dubi kan da ke leƙowa ta bayana. Da Inna muka je Dareta gaisuwar nan.

Ta miƙe ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki buta, ta zagaya bayan ɗakin girki. Ta shimfiɗa a bakin ramin, daidai inda ake sa ƙafar farko, ta zauna. Da ɗan nata ya shigo da igiya a kafaɗa ya same ta a nan.

"Inna, mi kike yi cikin rana?"

"Zama."

"Ki ɗan gusa in shiga."

"Shiga mana. Ta kaina za ka bi."

"Haba Inna, arziki hwa ya iske mu har gida."

"Na gani. Na gan shi bakin jikata." Ta ci gaba da jan carbinta. "Kada ka sa in hwaɗi abin da uwa ba ta son hwaɗi ga ɗanta."

Duk wanda aka haifa a wajenmu ya san maganar da take nufi, kuma ba ɗan da ke son a kai can. Abokinsa ya jingine shebur ya fita ba sallama. Shi kuma ya tsaya da igiyarsa har inuwa ta matso, sannan ya je ya samo tsohon zani ya kafa mata rumfa.

Nan ta riƙa wuni har maigida ya iso. Ya gaishe ta a durƙushe a bakin ramin, ya leƙa ciki ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago ya ce, "Ni dai ramin kihi nac ce a yi." Ba wanda ya tuna masa zancen waya.

Aka mayar da buhunan cikin ramin yadda suke, ba a kwance ko ɗaya ba, aka bi da marmara aka daddaɓe. Wurin da suka zauna ni na kankare shi da fartanya, bayan na yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, kamar yadda na ga ana yi a gidan yayata. Ita ma ƙasar da na kankare cikin ramin na zuba ta. Na kai yarinyar asibiti aka ɗebi jininta. Kwanakin jiran ban iya tuna abin da na dafa a cikinsu ba. Da sakamakon ya fito suka ce babu abin damuwa. Na dawo na yi sadaka da ƙosai.

Ƙanin mijina ne ya ƙarasa ramin, yana bin zanen toka da aka sabunta, ba ya yi wa kowa magana. Aka shafe da siminti, aka zuba ruwa, aka kawo 'ya'yan tarwada a jarka. Kusurwar nan ta ɗan lotsa, ta fi ko'ina zurfi, kuma in bazara ta yi zafi a nan kifayen suke taruwa su kwanta.

Har yau ban san ko akwai zinari a dutsen ba, ban kuma san ko akwai dalmar ba. Wasa ya dawo tsakanina da shi bayan ya yi aure. In ya zo ya tarar na yi farfesu, sai ya ce in zuba masa da yawa, ai a kan dukiyarsa kifin yake kwana. Yarinyar ce ke kai masa kwanon.